Yadda Na Je Neman Ƙyalƙyala Saboda Littafin Malam Mijinyawa

Godiya ta tabbata ga Wanda ya tsaga ƙwaya ya fid da tsiro, ya ba kuka girma ya ba tafasa yawa, ya halicci malamai ya kuma halicci abin da zai ba su kunya. Bayan haka, ni ne Cindo ɗan Makau, magatakarda a Birnin Dakwara, birnin da ke bayan tuddan yashi bakwai, inda tukunyar dafa tawada ta fi ta tuwo girma. Yatsa shida ne a hannuna na dama, mutane suna cewa shi ya sa rubutuna ba ya ƙarewa. Ga labarin tafiyata. Wanda ya ga na tsaya ina dariya a tsakiya ya yi mini uzuri, abin bai gama sakina ba har yau.

Malamina, Malam Mijinyawa Mai-Ganye, shekara arba'in ya yi yana rubuta littafi guda a kan tsirrai. Babu ganyen da bai murza ba, babu saiwar da bai tauna ba, sau uku ana ɗauko shi ranga-ranga daga jeji. Ni nake riƙe masa alƙalami tun idonsa ya fara hazo har ya rufe ɗungum, gida ɗaya muke zaune, shi a sashensa ni da matata Tasalla a namu. A cikin littafin akwai shafi ɗaya da ya jawo mana magana. Malam ya rubuta cewa yana saurayi ya ga wata ciyawa a wani tudu can gabas, sunanta ƙyalƙyala, duk wanda ya shaƙi furenta sai ya yi ta dariya har cikinsa ya ƙulle. Ya tsinko furen ya danne shi tsakanin takardu yadda masana tsirrai suke yi. Da ya iso gida ya buɗe, sai ga wani busasshen abu kamar fiffiken fara, ba ƙamshi ba komai.

To, mu a Dakwara muna da al'ada. Littafin da aka kama da ƙarya ɗaya ba a cire shafin, duka ake wankewa a kwatarniya a zubar da ruwan a hanyar jakuna. Shugaban majalisar malamai kuwa Gwani Nagoma ne, mutumin da babu wanda ya taɓa ganin haƙoransa, har mai yi masa aski. Ran nan ya sa aka kira mu.

Ya ce, "Malam Mijinyawa, mun yi maka kawaici don furfurarka. Ciyawa mai sa dariya! Daga yau zuwa ƙarshen damina mai zuwa, ko a ajiye ta a gabanmu mu shinshina, ko littafinka ya sha ruwa."

Malam ya dafa sandarsa zai tashi. Ni kuwa bakina ya riga hankalina. Na ce, "Allah ya gafarta Gwani, ni zan kawo ta."

Ya dubi tumbina ya ce, "Kai?"

Tasalla ma abin da ta ce ke nan, sai dai ita ta maimaita sau uku. Ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli da dakuwa, na rataya gafaka cike da farar takarda, na nufi gabas ina jin kaina jarumi har sai da ƙafata ta fara ciwo, wato wajen azahar.

Bayan wata biyu na isa Birnin Makuba, garin masu zane. Jama'a, ban taɓa ganin gari mai yawan itatuwa irin wannan ba, kuma ban taɓa shan rana irin ta garin ba, domin duk itatuwan a jikin bango suke. Na gaskiyar sun sare su tun zamanin kakanni, wai suna tare wa mutane kallon zane. Na tambayi ƙyalƙyala, aka kai ni bangon fada da alfahari. Sai ga wata dodanniyar bishiya ta fi soro tsawo, furenta mai kunne ɗari uku, har da haƙora. Aka gaya mini kowace shekara ana sake yaɓe bangon a kwafi zanen bara, kuma kowane gwani yana ƙara kunne ɗaya don a san ya zo duniya.

Na ce a raina, to, na farkon yana ƙasa. Da rana ta take kowa ya shige inuwa, na zaro wuƙar fiƙe alƙalami na fara kankare gefen bangon. Yaɓe bayan yaɓe, furen yana ƙanƙancewa, haƙoran suka tafi, kunnuwan suka ragu, har na iso ga wani ɗan zane da bai fi tafin hannu ba: ciyawa mai ganye uku, fure rawaya, akuya a gefe ta wage baki, bayanta tudu mai kai biyu. Ina cikin rawar murna na ji takun mutane. Hukuncin mai taɓa bangon fada kuwa a yaɓe shi a ciki.

Ga tukwanen jar ƙasa da farar ƙasa da shuni a gindin bangon. Na dumbuza na shafe jikina tun daga goshi har ƙafa, na manna bayana a kan ramin da na yi, na buɗe hannuwa na ƙame. Sarkin Zane Mantau ya iso da almajiransa manya masu gemu, ya tsaya a gabana ya karkata kai.

Ya ce, "Wane mara kunya ne ya zana wannan? Ku dubi tumbi! A ina aka taɓa ganin ɗan Adam da ciki haka?"

Wani ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙafafun ma sun yi gajarta."

Wani ya matso ya ƙirga ya ce, "Yatsa shida! Ko ƙirge bai iya ba."

Sarkin Zane ya ce, "Ga shi ya lafta ƙasa har ya kumburo daga bango. Ba rai a cikinsa ko kaɗan. Ku ɓamɓare shi ku fitar kafin baƙi su gani."

Ƙarti huɗu suka ɗauke ni a sandare, suna ta mitar nauyin yaɓen, suka jefa ni a juji bayan ƙofar gabas, daidai inda nake son zuwa. Na tsira, amma maganar tumbin nan ta yi kwana uku tana cina.

Daga nan na faɗa Kwarin Baituka, ƙasar mawaƙa. Su ba su sare itatuwa ba, ba su dai taɓa ɗaga kai sun dube su ba. Suna da waƙa dubu a kan ƙamshin ƙyalƙyala, kowace waƙa da sharhinta, kowane sharhi da nasa sharhin. Sarkin Waƙa Nomau ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka rera mini guda bakwai. Wani ya ce ƙamshinta na almiski ne, wani ya ce na ruwan farko ne a kan busasshiyar ƙasa, wasu biyu suka kusa dambe a kan ko ta fi ƙamshi da safe ko da yamma. Waƙoƙin da daɗi, ba zan ci amanarsu ba. Sai bakin nan nawa ya sake riga ni.

Na ce, "Allah ya ja zamanin sarki, a cikinku wa ya taɓa shinshinar ta?"

Mawaƙa suka dubi juna. Sarkin Waƙa ya ce, "Baƙo, wannan tambayar jahilci ce, maganinta karatu. Za ka zauna ka saurari babban sharhi daga farko har ƙarshe." Na tambayi na kusa da ni tsawonsa, ya ce mai karantawa yana shekara ta goma sha ɗaya, ya kusa gama baitin farko.

Kwana tara na yi a kan tabarma, dogarai biyu a bayana, ina tuna kwatarniya da littafin Malam. A cikin kwanakin na lura da wani abu. Mutanen nan idan ana sharhi idonsu a buɗe yake, amma da an fara rera waƙa sai kowa ya rufe ido yana kaɗa kai, domin a wurinsu mai buɗe ido a lokacin waƙa ba shi da kunne, kuma ba zagin da ya fi wannan. A rana ta goma na faɗi na yi gaisuwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sharhin ya yi mini zurfi. A taimaka a rera mini doguwar waƙarka da bakinka mai albarka, ko kaina zai buɗe."

Ai kuwa sai ya washe. Ya gyara murya, fada duka ta rufe ido har dogarai. Na jawo wani turmi na ajiye a kan tabarmata, na naɗa masa rawanina ko wani zai saci kallo, na fice da sanɗa. Daga baya wani fatake ya gaya mini har yanzu suna karanta wa turmin, suna kuma yabon natsuwarsa.

A bayan fada na tarar da wata mata tana niƙa a dutse tana 'yar waƙarta:

"Akuyar tudu mai kai biyu,
me kika ci haƙora waje?"

Na tsaya cak. Na ce, "Baiwar Allah, ina kika samo wannan?"

Ta ce, "Wajen kakata. Ai duk waƙoƙin da suke fama da su a ciki daga nan suka ɗauka, suka sa mata babbar riga. Tudun kake nema? Bi rafin nan sama, kwana uku. Ka ɗaure wandonka da kyau."

Ban gane shawararta ba sai da na isa. Da hantsi na hango tudu mai kai biyu, ya yi rawaya tun daga gindi har sama. Kafin in kai na fara jin hayaniya kamar gidan biki. Awaki ne. Wallahi awaki, sun fi ɗari, wasu a kwance suna shure-shure, wani bunsuru ya jingina da dutse hawaye na zuba ta gemunsa. Na ce, "Subhanallahi, wannan abin a rubuta ne," na sa hannu a gafaka, sai iska ta juyo.

Da farko wani ɗan ƙaiƙayi na ji a ƙirji. Sai na tuna fuskar Sarkin Zane yana cewa ba rai a cikina. Shi ke nan. Na yi dariya a tsaye, na yi a durƙushe, na yi a kwance ina dukan ƙasa. Na dubi bunsuru, bunsuru ya dube ni, muka sake fashewa tare. Mazagin wandona ya tsinke. Ban san iyakar lokacin da na ɗauka ba, sai ji na yi an toshe mini hanci da auduga an ja ni inuwa.

Wata tsohuwa ce mai kiwon awakin, Goggo Shekara, ita ma da auduga a hanci. Da na samu numfashi na gaya mata daga inda nake da abin da ya kawo ni.

Ta tafa hannu ta ce, "Mijinyawa! Wani siriri mai kunnuwa? Yana raye? Ina budurwa ya zo nan, ya yi dariya har ya faɗa rafi. Na ce masa ya dakata fure ya zuba, ya ce sauri yake yi. Ya kama furen Allah ya matse a takarda kamar mai laifi. Ku malamai me ciyawa ta yi muku ne?"

Na ce, "Goggo, ni ba zan yi wannan kuskuren ba. Da ranta zan kai ta."

Amma fa kafin nan sai na rubuta. Na auna ganye, na ƙirga jijiyoyinsa, na tono saiwa, na kwatanta da zanen Makuba da waƙoƙin Baituka, na kawo hujja na rushe hujja. Kwana arba'in ina rubutu da auduga a hanci, har furen tudun ya zube ban ɗaga kai ba. Abu ɗaya ya dame ni, wata ƙaya mai naci irin ƙarangiya da ta bayyana a ƙarshen zamana, duk inda na zauna sai ta cika mini gindin riga. Har a gefen shafi na rubuta cewa tudun nan yana da wata muguwar ƙaya mai hana masu ilimi aiki.

Goggo ta ce, "Malam, ka duba gindin rigarka kuwa?"

Na ce, "Goggo, don Allah, ina tsakiyar jumla."

Ta yi dariya, kuma da audugarta a hanci. Ranar tafiya ta ba ni wata 'yar ƙyalƙyala da ta makara ba ta yi fure ba, a cikin ƙaramar tukunya. Ta ba ni wani ƙaton gora na masunta, ta nuna mini kogin da ke bayan tudun ta ce in kwanta a kansa ruwa zai kai ni kusa da Dakwara, ba sai na bi ta wajen masu rawanina ba.

Kwana goma sha biyu ina kan gora, gafaka a ka, tukunya a hammata. Na wuce kifayen da suka fi jirgin ruwa tsawo, na wuce wani gari da mutanensa ke noma a bayan kunkuru, ban tsaya ba. A rana ta goma sha uku kogin ya tsuke tsakanin duwatsu, ruwa ya haukace. Gora ya tashi sama ya dawo. Hannun hagu ya rungume gora, saura na dama, ga gafaka tana zamewa daga kaina, ga tukunya tana suɓucewa. Ɗaya kawai zan iya kamawa.

Ya ku masu sauraro, ban yi tunani ba. Hannun ne ya yanke hukunci, hannun magatakarda mai yatsa shida. Ya cafke takarda.

Sai da na fito gaɓa ina duba ko tawada ta jiƙe, ina hamdala ba ta jiƙe ba, sannan na gane abin da na yi. Na zauna a kan yashi na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

Na shiga Dakwara damina ta kankama. Gwani Nagoma ya juya takarduna da ɗan yatsa ya ce, "Takarda muka ce ka kawo? Takarda ai ita ta yi mana yawa." Malam kuwa ya sa na karanta masa duka, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Rubutunka ya yi kyau, Cindo." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Daga ranar ya shige ɗakinsa bai ƙara fitowa tsakar gida ba.

Tasalla ta karɓi rigata da yatsa biyu. Ta ce, "Wata tara ka tafi, ba rawani, ba mazagi, ba ciyawa, sai ƙaya ka kawo mini tsaraba?" Ta zauna ta tsince ta tas tana mita, ta watsar a gindin katanga inda ruwan wanke-wanke ke bi. Ni kuma murar da na kwaso a kogi ta toshe mini hanci, na kwanta a ɗaki da ita da baƙin ciki.

Da damina ta zo ƙarewa sai na fara jin Tasalla tana dariya ita kaɗai da hantsi in tana shara. Abin ya yi mini ciwo. Na leƙo na ce, "Tasalla, ni kike yi wa ko?"

Ta ce, "Wallahi Malam, ni ma ban san me nake yi wa ba. Dubi kajin nan ma!" Na ja ƙofa na rufe, na ce har kaji sun ji labarina.

Ranar wanki ta zo. Saboda Malam ba ya iya fita, majalisa ta zo gidanmu da hantsi, malamai goma sha biyu da kwatarniyarsu. Aka cika ta da ruwa a tsakar gida, aka fito da Malam aka zaunar a tabarma don ya shaida, aka kwance littafin shekara arba'in aka ajiye a gefe. Gwani Nagoma ya naɗe hannun riga, ya ɗauki takardun farko, ya fara jawabi a kan illar ƙarya.

Wani malami a bayansa ya yi ƙus, ya rufe baki da rawani. Gwani ya harare shi. Na gefensa ya fara rawar kafaɗa. Wani dattijo ya ce, "A'uzu billahi," bai kai ƙarshe ba ya fashe. Kafin ka ce me, malamai goma sha ɗaya suna birgima a tsakar gidanmu, rawuna sun warware, kaji na tsalle a kansu. Gwani ya cije leɓe, ya kumbura, jijiyar wuyansa ta tashi, sannan ya yi wata irin ƙara kamar an saki jaki. Jama'a, ashe wushirya gare shi! Kyakkyawa kuwa, shekara talatin yana ɓoye ta.

Yana riƙe da ciki yana cewa, "Ban yarda ba! Wayyo cikina! Ba hujja ba ce! A kawo... wayyo Allah... a kawo nassi!"

Ni da toshasshen hanci ina tsaye kamar gunki. Tasalla ta fito tana share hawaye, ta nuna gindin katanga ta ce, "Ko dai ciyawar nan ce? Inda na zubar da ƙayarka ta fito. Yau ma nake cewa zan cire ta." Na duba. Ganye uku, fure rawaya, sun yi layi har bakin rariya. Shafi ɗari biyu na rubuta a kanta, ban san 'ya'yanta ba, su kuwa suna riƙe da rigata tun daga tudu.

Ban da ni, mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Malam ya ɗaga hanci sama, ya ajiye sanda, ya rarrafa da gwiwa yana lalube har ya isa katanga. Ya shafa ganyen ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga da yatsa. Na durƙusa kusa da shi.

Ya ce a hankali, "Cindo, ashe na gan ta."

Na ce, "Ai kullum kana faɗa, Malam."

Ya ce, "Faɗa nake yi. Sun daɗe suna cewa mafarki na yi, yau shekara goma ke nan ni ma na yarda da su. Kunya ce ta hana ni in ce ka cire shafin. Da ka tafi, kullum ina roƙon Allah ya yafe mini, na tura bawansa neman abin da babu."

Sai ya sunkuya ya shaƙa sosai. Dariyar ta taso masa tun daga ƙasa, irin ta saurayi siriri mai kunnuwa da ya faɗa rafi, hawaye na bin idanun nan da ba sa gani. Ni da ban shaƙi komai ba na kama hannunsa na taya shi.

Gwani Nagoma ya mayar da takardun kan littafin a bushe. Ya kinkimi kwatarniya da kansa, yana tangaɗi yana shessheƙa, ya juye ruwan duka a gindin ciyawar.

Nan hikayata ta tsaya. Allah ya sa mu duba gindin rigunanmu kafin mu kai ƙarshen jumla.